Darasin mako: Shirin shiga makaranta daga gida yake farawa

Duk watan Satumba muna ganin abu ɗaya a nan Sabo. A ɗinka wa yaro yunifom, a kai shi firamare yana ɗan shekara 6, malama ta yi masa magana da Turanci ko Yarbanci, ya yi tsuru-tsuru. Kafin zango ya ƙare sai a ce ba shi da ƙoƙari. Alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, shiri ne bai samu ba.

Akwai wata dabara da wasu ƙasashe suka gwada, wato bin iyaye har gida ana nuna musu yadda za su shirya yaro. Misalin da ya fi shahara shi ne na birnin Kingston a ƙasar Jamaika. A shekarun 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, 'ya'yan talakawa waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Aka kasa su kashi huɗu. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu aka riƙa kai musu ziyara, wasu suka samu duka biyun, sauran kuwa kulawar asibiti kawai.

Yaya ziyarar take? Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa za ta zo sau ɗaya a mako, ta yi awa guda, har tsawon shekara biyu. Ba yaron take koyarwa ba, uwar take nuna wa. Ta yi wasan a gabanta, uwar ta gwada da hannunta, a yaba mata, sannan a bar mata abin wasan har mako mai zuwa. Kayan wasan ma ba na kanti ba ne, da gorar roba da ƙyallaye ake haɗa su.

Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran. Waɗanda aka kai wa ziyara sun fi waɗanda ba a kai musu ba samun kuɗin shiga da kusan kashi 25 cikin 100. Amfanin madarar kuwa ya dusashe tun suna ƙanana. Kun ga ke nan, ciyarwa dole ce, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Hira da wasa su ne suka bi yaran har girma.

To, mu fa? Mun san halin da muke ciki. Maigida ya fita kara ko kasuwa tun asuba, uwargida tana fama da sana'a, kakannin da suke yi wa yara tatsuniya suna can Arewa. Duk da haka ga abin da kowa zai iya:

1. Mu riƙa yi wa yaro hira da Hausa, mu amsa tambayarsa. Wanda ya iya harshen uwarsa sosai ya fi saurin ɗaukar na biyu.

2. Mu sa shi ƙirga tumatir ko goro, ya ware babba da ƙarami, ya faɗi launinsu.

3. Mu ba shi gawayi ko fensir ya yi zane, hannunsa ya saba.

4. Ya san cikakken sunansa da na mahaifinsa, ya iya gaisuwa da neman izinin fita bayan gida da harshen makaranta.

5. In ya yi daidai mu yaba masa. Tsawa ba ta koyar da ƙirga.

Shawararmu ga malaman Islamiyya mata da 'yan'uwanmu da suka yi karatun koyarwa ko aikin jinya: kowace ta ɗauki gida biyu ko uku a layinsu, da izinin masu gida, ta riƙa leƙawa duk mako. Iyaye maza kuma, kada mu ce aikin mata ne. Minti goma bayan isha'i ya isa a fara, yau ɗin nan.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.