Kwamfuta za ta rage wa motata shan mai?

TAMBAYA: Ina haya da Corolla ƙirar 2005 tsakanin Kauru da Pambeguwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da nake samu a tanki yake ƙarewa. An ce mini akwai masu jona kwamfuta a jikin mota su rage man da inji ke sha, su ƙara masa iska. Gaskiya ne? In kai tawa? Daga wani direba, Kauru.

AMSA: Gaskiya ne ana yi, amma aiki iri biyu ne mutane ke haɗawa su kira "sa mota a kwamfuta". Akwai duba mota, akwai kuma sauya lissafin da kamfani ya rubuta a ƙwaƙwalwarta, wadda kanikawa ke kira birenbos. Na farkon nake so ka yi.

Injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo 1 na mai kafin ya ƙone tas. A zamanin Fijo 504 bakanike ne ke saita wannan da sukundireba a jikin kafireta, yana kasa kunne. Motarka ba ta jiran kowa. Akwai sensa bayan filtar iska mai auna iskar da ke shiga, akwai wata a bakin salansa mai shinshinar hayaƙi, ita kuma ƙwaƙwalwar tana ƙara ko rage man da nozul ke fesawa ba dare ba rana. Don haka ko an rage mai a manhaja, a tafiya ta yau da kullum sensar salansa za ta kai rahoto, motar ta mayar da shi inda yake. Inda ragin ke kamawa sosai shi ne lokacin da ka take totur da lodi a kan hawa, kuma a nan ne inji ke buƙatar ƙarin mai, wajen kilo 12.5 zuwa 13 na iska a kan kilo 1 na mai, don man ya sanyaya shi. Ka hana shi a nan, zafi ya hau, ya fara ƙwanƙwasa, bawul ya ƙone ko fistin ya huje. Wanda ke ɗora buhunan masara a but ya san sau nawa yake take totur a rana.

Yawanci motar da ke zuƙar mai ba lissafinta ne ya ɓaci ba, ƙarya ake faɗa wa ƙwaƙwalwar. Babban mai laifi a garejojinmu shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90 na ma'aunin Salsiyos. Idan bai kai ba, ƙwaƙwalwar na ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta ƙara mai. Sai ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye, wadda ke toshe filta ta kuma lulluɓe sensar iska. Sai sensar salansa da ta mutu ko aka yanke wayarta ranar da aka fidda "indomi", wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ga tsofaffin fulogi, nozul mai ɗiga, tiyon iska da ya tsage, da man bumburutu da ba a san da me aka gauraya shi ba.

Da yawa daga cikin waɗannan na'urar dubawa tana tona su. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka ce wa mai na'urar ya nuna maka zafin inji da kuma adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai, bayan motar ta ɗumama. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai abin nema. Lambar P0171 na nufin iska ta yi yawa, P0172 kuma mai ne ya yi yawa. Kada ka yarda ya goge lambobin kawai ya karɓi kuɗinka. Wutar gargaɗin da ke gaban direba za ta mutu, cutar tana nan.

Wurin da saiti da kwamfuta ya zama dole shi ne idan ka mayar da motar mai amfani da iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ta ƙara ƙaimin turawa tun 2023. Gas yana son iska wajen kilo 17 a kan kilo 1, kuma kayan suna zuwa da tasu ƙaramar ƙwaƙwalwa da sai an daidaita ta da injinka. Sai dai ka fara tambayar kanka inda za ka riƙa shan gas ɗin daga Kauru.

Shawarata, Malam: ka kai ta Kaduna ko Zariya a duba, a mayar da tamostat, a sa sabuwar filta da fulogi na ainihi, ka kuma auna iskar tayoyinka. Birenbos ɗin Corolla kuwa, kada ka bari kowa ya sake rubuta shi.