SHINGEN AGUWA A GARKA

Ƴan uwa manoma, kowace shekara mai garka yana sare ƙaya ko ya ɓata kara wajen darni. Gara ta ci, awaki su keta, su faɗa wa salati. Aguwa tana raba mu da wannan wahala. Itacen ƙasarmu ne, kuma har bakin teku a Senegal da ita ake shinge.

Lokacin dashe shi ne watan 4 da na 5, kafin ruwan farko. A sare rassa masu ƙwari, tsawon santimetir 60 zuwa 80. A aje su a inuwa kwana 3 ko 4, nonon ya bushe. A gina rami, zurfin santimetir 25, a jera su, taƙi ɗaya tsakani, a danne ƙasa da ƙafa. Kada a ba su ruwa. Nan mutane da yawa ke kuskure: reshen da ya sha ruwa bai yi saiwa ba, ruɓewa yake. Jigawa take so, ba ta daɗewa inda ruwa ke kwanciya.

Da rani tana zubda ganye, amma rassan suna nan, kuma bisashe ba su damu da ita ba.

A kiyayi nonon. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Kada yara su taya sara.