Sairus, Sarkin Farisa

A darasinmu na wannan wata za mu duba labarin sarkin da ya ci ƙasashe da takobi, amma ya riƙe su da wata dabara dabam. Mu tuna, shekarun da su ke kafin haihuwar Almasihu (K.H.) da baya-baya a ke ƙidaya su, watau 586 ta riga 539.

Wajen shekara ta 586 K.H. Nebukadnezzar Sarkin Babila ya rushe Urushalima, ya ƙone Haikali, ya kwashe mutanen Yahuza zuwa bauta. Haka sarakunan Assuriya da Babila su ka saba yi. In sun ci gari, sai su tumɓuke mutanensa su kai su nesa, gama wanda aka raba shi da gonarsa da danginsa ba ya saurin tawaye.

Sairus kuwa ƙaramin sarki ne da fari, a ƙasar da a ke kira Iran yanzu. A 550 ya kayar da Sarkin Mediya, sa'an nan ya ci Lidiya. A lokacin nan Nabonidus ke sarautar Babila. Ya yi kamar shekara goma yana zaune a Tema ta Arabiya, ya bar wa ɗansa Belshazzar riƙon gari, firistoci kuma suna jin haushinsa. A 539 rundunar Sairus ta fatattaki mayaƙan Babila a Ofis, bakin kogin Dijla. Ba da jimawa ba aka shiga babban birnin nan ba tare da yaƙi ba.

Sairus bai bi hanyar waɗanda su ka riga shi ba. A 538 ya ba Yahudawa izini su koma gida su sake gina Haikali, ya kuma mayar musu da tasoshin da aka washe, kamar yadda Littafin Ezra ya nuna. An gama ginin a zamanin Dariyus, wajen 515. A 1879 masu tonon kufai su ka sami wani mulmulallen yumɓu mai rubutu a Babila, yana London yanzu. Bai ambaci Yahudawa ba, amma a cikinsa Sairus ya ce ya komar da waɗansu al'ummai da gumakansu garuruwansu.

Kada mu ɗauka tausayi ne kaɗai. Sairus ya gane talakan da ke zaune lafiya a gidansa ya fi biyan haraji da tsaron iyaka. Ya mutu a 530, kabarinsa yana nan a Fasargade har yau, mulkin da ya kafa kuwa ya kai shekara 200, sai da Iskandari ya rushe shi a 330. Duk wanda aka danƙa wa mutane, ko a gida ko a gari, yana da abin koyo a nan.

Tambayoyi:
1. Don me sarakunan Babila su ke kwashe mutane daga ƙasarsu?
2. Ina bambancin mulkin Sairus da nasu?
3. Wace riba shugaba ya ke samu in ya kyautata wa na ƙarƙashinsa?