Talakan Hindu da Talakan Katsina a Idon Matafiyan Turai: Bernier da Barth

François Bernier, likita Bafaranshe da ya zauna a daular Mugal zamanin Sarki Aurangzeb, ya siffanta manomin Hindu a matsayin wanda haraji da zaluncin hakimai suka tatse har yake barin gona ya gudu. A wasiƙar da ya aike wa Colbert, ministan Louis na 14, ya ɗora laifin a kan mallakar ƙasa da ya ce sarki ya tattare a hannunsa. Wasiƙar gargaɗi ce ga mahukuntan Faransa, talakan Hindu kuwa hujja ce da ya jawo.

Wannan ma'auni yana da amfani wajen karanta Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim, wanda ya iso Katsina a watan Janairun 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ya tarar da birnin ya zube. Ya ƙiyasta mazaunansa da 7,000 zuwa 8,000, galibin cikin ganuwa kuma kangaye ne da gonaki, abin da zai yi wa mazaunin GRA wuyar kamantawa yau da gari ya malala bayan ganuwa. Amma ƙasar Katsina ya yabe ta da albarka, ya kuma rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500. Da ya kai Kano yabon ya ƙaru, domin ya ga saƙa da rini suna ciyar da iyali a cikin gidajensu, ya gwada haka da masana'antun Turai masu ƙasƙantar da ma'aikaci. Ashe shi ma da gida yake magana.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ba a cika kula da shi ba. Zuwansa na 1851 da na 1853 duk da rani ne, bayan kaka, rumbuna ba su kai ga tsabar ƙasa ba. Bai ga ƙauyen Katsina a tsakiyar damina ba, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, magidanci ya shiga neman bashi da ƙwadago. Ya ambaci hare-haren Maraɗi da Gobir, ya ga bayi, sai dai hanyar fatake ya bi, kuma yawancin alƙalumansa na haraji daga bakin 'yan birni da fatake ya ji su. Wanda ke biyan wuri 2,500 ɗin ba a ji ta bakinsa ba.