Yadda Ake Sauya Aikin Maɓalli a Na'urar Hannu ta Sito

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu shirin tafiya SIWES: idan aka tura ku babban sito ko kantin zamani, za ku haɗu da wata 'yar na'ura da ake haska lambar kaya da ita. Kwamfuta ce ta hannu, kuma yawancin na yanzu da Android suke aiki. Misali, Zebra MC3300 tana zuwa da maɓallai 29, 38 ko 47.

To ina matsalar? Tsohuwar manhajar sito kan buƙaci maɓallin F1 ko Tab a kai a kai, amma a ƙaramar na'ura sai an danna biyu a jere kafin a samu. Mai lissafin kwali ɗaruruwa a yini ya san wahalar wannan.

Ku gane wani abu: rubutun da ke kan maɓalli fenti ne kawai. Idan aka danna, lamba yake aikawa, sai Android ta fassara ta zuwa tata. A wurinta Tab 61 ne, Enter 66, F1 kuma 131. Sauya aikin maɓalli, sauya wannan fassarar ce, ba sai an kwance na'ura ba.

Idan na'ura ɗaya ce, a shiga saiti, a buɗe Key Programmer, a zaɓi maɓallin, a ba shi sabon aiki. Shi ke nan.

Idan kuwa suna da yawa, sai a koma manhajar StageNow a kwamfuta:

1. A buɗe sabon tsari, a ɗauko sashen KeyMappingMgr.
2. A nuna maɓallin da aikin da ake so ya yi.
3. Manhajar za ta fitar da lambar haskawa.
4. A buɗe StageNow a kowace na'ura, a haska lambar, saitin zai shiga.

Amma fa a yi hattara. Kuskure ɗaya zai bazu a duk na'urorin da suka haska lambar, aikin sito ya tsaya cak. Don haka a fara neman izinin oga, a gwada a kan na'ura ɗaya, sannan a tanadi lamba ta biyu mai mayar da komai yadda yake. Kada a taɓa maɓallin haskawa sai da dalili, domin da shi za a haska lambar gyaran.

Bayan an gama, a rubuta canjin a manna a bango, don masu karɓar aikin dare kada su ɗauka na'urar ce ta lalace.