Zuwa ga ɗiyata mai tambaya

 Mahaifiyarki ta gaya mini tun da kika dawo Dangamaji hutu daga jami'ar Aliero bakinki bai huta da tambaya ba: me ya sa ɗiya take samun rabin abin da ɗa ya samu a gado, me ya sa igiyar saki take hannun miji, kuma in aka auna addini da hankali, anya zai tsaya? Ta ce ta kwaɓe ki, ta ce ki yi istigfari. Kada ki ga laifinta, tsoro ne irin na uwa. Ni abin da zai tayar mini da hankali shi ne ki haɗiye tambayar, ki ci gaba da zumbula hijabi kina salla alhali zuciyarki ta yi nisa ba wanda ya sani.

Ki tambayi duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai ga littattafan tauhidi. Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, kafin ya ambaci siffofin Allah sai da ya fara koya wa almajiri hukuncin hankali: abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, da abin da ba ya karɓar samuwarsa, da abin da kan yiwu ya kasance ko kada ya kasance. Wajibi, mustahili, ja'izi. Malaman wannan fanni sun daɗe suna saɓani a kan imanin wanda ya gaji addini kawai bai san hujjarsa ba, har wasu suka ce mai laifi ne in yana da ikon nazari ya ƙi. Kin kuma sani, wanda hankalinsa ya gushe ba salla a kansa, ba azumi. Addinin da ya sa hankali ya zama sharaɗin hawansa kan mutum ba zai ji tsoron hankalin yarinyar da ke karatu a Aliero ba.

Batun mata kuwa, ba ke ce farkon wadda ta tayar da shi a ƙasar nan ba. Wajen 1786, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, mata suna zuwa majalisinsa suna saurare. Wani malami, Mustafa Gwani, ya rubuta masa baitoci yana cewa ya hana su zuwa, don gudun cakuɗa da maza. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi, yana saurayi ɗan kimanin shekara ashirin, ya ba da amsa. Abdullahi bai zage shi ba, bai kafirta shi ba. Ya fara da cewa ba su yarda da cakuɗa ba, su ma hana ta suke yi. Sannan ya auna ɓarna biyu: fitowar mata neman ilimi, da barinsu cikin jahilci ba su san Ubangijinsu ba, ya nuna ta biyun ta fi muni, don haka ita za a fara kawarwa. Shi da kansa ya kawo labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Wannan Abdullahin shi ne wanda hubbarensa yake Gwandu, nan kusa da mu. Ki duba yadda ya yi: hujja aka kawo masa, da hujja ya mayar. Daga gidan nan ne Nana Asma'u ta fito, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis tana ba su malfa, suna tattaro matan ƙauyuka, 'Yan Taru, suna koyon tsarki da salla da zaman duniya cikin harshen da suke ji.

Abin da nake so ki riƙe, duk sanda wani abu ya sosa miki rai, ki fara tantance shi: faɗar Allah ce da ManzonSa, ko fahimtar malaman wata mazhaba, ko kuwa al'adar garinmu ce aka yafa mata rawani? Kin ga masu ɗorin Aliero ba sa ɗaure ƙafa haka kawai don mutum ya ce tana ciwo, sai sun bi ƙashin a hankali suna dannawa har su gano inda karayar take.

Mu danna wurin gado, tun da nan ya fi yi miki ciwo. A ce mutum ya rasu ya bar naira dubu 720 bayan an biya bashi da wasiyya, ya bar mata, da mahaifiya, da ɗa, da ɗiya. Matar tana da tumuniya, dubu 90. Mahaifiyar tana da sudusi, dubu 120. Saura dubu 510, ɗan ya ɗauki 340, ɗiyar 170. To bi kuɗin ki ga inda za su. Ɗan zai biya sadaki, ci da sha da sutura da muhallin matarsa da 'ya'yansa duk a wuyansa suke, ko da matar ta fi shi dukiya. Ɗiyar ita za a ba sadaki, mijinta ne zai ciyar da ita, kuma ba shi da ikon taɓa kwabo cikin 170 ɗin nan sai da yardarta. A Ingila sai da aka yi dokokin 1870 da 1882 kafin matar aure ta mallaki dukiyarta da sunanta. Kuma ba ko'ina mace take samun rabi ba: in mamaci ya bar ɗa namiji, uwarsa da ubansa kowa sudusi ne, 'yan'uwa li'ummai kuma daidai ake raba musu, mace da namiji. Ashe nauyin da aka ɗora wa mutum ake dubawa, ba darajarsa ba.

Amma akwai abin da masu kare addini a waya ba sa faɗa, ni kuwa zan faɗa miki. Suna cewa ai ɗiya yayanta zai riƙe ta. A mazhabarmu ta Malikiyya alƙali ba ya tilasta wa mutum ciyar da 'yar'uwarsa; iyaye matalauta da 'ya'ya da mata su ne wajibi, sauran zumunci ne. Saboda haka ranar da aka zo rabon gonar albasa ko fadamar shinkafa, aka ce mace me za ta yi da gona, a bar kasonta hannun yayanta, an zalunce ta sau biyu. An hana ta abin da Suratun Nisa'i ta yanka mata, an kuma jingina ta da wanda shari'a ba ta wajabta masa komai a kanta ba. Na sha ganin bazawara da 'ya'ya huɗu tana turara shinkafar mutane ana biyan ta da kwano, alhali gonar ubanta tana can ana kwashe buhuna ana kai wa kasuwar Jega. Wanda ya ga wannan ya ce addini bai yi wa mata adalci ba, mu muka ba shi bakin magana.

Haka batun aure. Gaskiya ne Malikiyya ta ba uba ikon aurar da budurwarsa, bisa zaton ba wanda ya kai shi tausayinta, kuma da sharaɗin kada ya cuce ta. Hanafiyya ba su yarda a tilasta wa baligar mace ba. Wannan kin ga fahimtar malamai ce, ana tattaunawa a kanta. Khansa'u 'yar Khidamu, bazawara ce, ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta ce ba ta ga aibin addininsa ko halinsa ba, zaman ne ba za ta iya ba, aka ce ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki su rabu. Asalin hul'i ke nan. Wadda miji yake duka ko ya bar ta da yunwa, malamanmu sun ba alƙali ikon raba auren ko mijin bai so ba. Nana A'isha kuma ta shaida Annabi bai taɓa ɗaga hannu ya doki mace ba. Khaulatu 'yar Sa'alaba ta tsaya gabansa tana jayayya a kan abin da mijinta ya yi mata, aka saukar da farkon surar da ake kira da sunan jayayyar tata, ba a ce mata ta yi rashin kunya ba.

Duk da haka ba zan ce miki kowace ƙofa hankali zai buɗe miki ita ba. Me ya sa magariba raka'a uku, asuba biyu? Wannan bauta ce, ana karɓa. A cikin hukunce-hukuncen maza da mata ma za ki tarar da wanda hikimarsa ta bayyana miki, da wanda za ki daɗe kina juya shi. Aikin hankali mafi girma yana can tushe: akwai Mahalicci, kuma wannan Manzo gaskiya ya faɗa? Nan za ki zuba ƙarfinki, ki karanta hujjar masu musu da ta masu tabbatarwa, ba guntun bidiyon minti biyu ba. In tushen ya zauna miki, reshen da bai gama warwarewa ba ba zai kayar da ke ba, za ki iya riƙe shi a matsayin tambaya kina ci gaba da nema. Ki kuma kiyayi malamin da in kin tambaye shi sai ya hau faɗa, kamar yadda za ki kiyayi wanda bai taɓa buɗe littafin fiƙihu na Risala ba amma ya yanke hukunci a kan Musulunci duka.

Tun da Allah Ya ba ki kan lissafi, ina so kafin hutun nan ya ƙare ki sami malama ko malamin da mahaifinki ya amince da shi, ku ɗauki babin gado na wajen ƙarshen Risala, ki koye shi da biro da takarda har ki iya fitar da asalin mas'ala da kanki. Matan unguwarku da yawa ba su san abin da ya hau kansu ba in an yi rasuwa, kunya kuma ba ta barin su tambayi maza. Ke za su iya tambaya a tsakar gida. In kin gamu da mas'alar da ta cije, ki aiko mini mu duba tare. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki kuma yi mata magana a hankali.