Ina Zan Hau Keke a Keffi Ba Tare da Fargabar Tirela Ba?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Keffi, shekaruna sun haura 40, kuma likita ya ce in riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Keken 'yan tsere da nake gani a talabijin yana ba ni sha'awa, musamman idan suna zuba gudu a hanyoyin karkara masu hawa da gangara. Shin a wajenmu akwai inda mutum zai yi haka hankali kwance? Kuma wane irin keke zan saya? Daga mai karatunku a Keffi, Jihar Nasarawa.

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Akwai, amma sai ka cire hoton talabijin ɗin daga ranka tukuna. Tseren da kake kallo, ko na Faransa ne da aka fara tun 1903, ko gasar duniya da aka yi a Kigali ta ƙasar Ruwanda a Satumban 2025, ana rufe wa 'yan tseren hanya ne baki ɗaya, 'yan sanda gaba da baya. Kai kuwa ba wanda zai tare maka ko da ɗan acaɓa ɗaya.

Ta fuskar ƙasa dai Allah ya yi muku baiwa. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Maloney ya leƙa gari ya san Keffi ba shimfiɗaɗɗen fili ba ce irin na Kano zuwa Wudil. Tudu ne da kwari, rafi a ƙasan kusan kowane gangare, gonakin doya da rogo da riɗi hagu da dama, kuma in ka nausa gabas wajen Akwanga duwatsun Mada da na Eggon suna ƙara tasowa. Irin wannan ƙasar masu keke ke nema, domin hawa yana sa zuciya aiki, gangara kuma tana ba ta hutu.

Matsalar ita ce a wajenku hanya mai santsi daban, hanya mai shiru daban. Babban titin Abuja zuwa Keffi, da wanda ya wuce Garaku da Akwanga ya nufi Lafiya da Makurɗi, su ne masu kwalta mai kyau, kuma su ne ban yarda ka hau da keke ba. Tun da aka raba titin biyu direbobi suka samu abin da suke so, iskar tirela kaɗai in ta wuce ka kurkusa tana iya fizgar ka ta yar a gefe. Hanyar Laminga zuwa garin Nasarawa da ta Gitata zuwa Panda sun fi sauƙin cunkoso, sai dai ba su da faɗi, kuma tifofi da motocin kaya suna bin su, don haka ka ɗauke su a matsayin mashiga kawai. Abin da kake nema yana cikin ƙananan hanyoyin da suka ɓalle daga jikinsu suka shiga ƙauyuka, inda za ka yi tafiya mai tsawo ba ka gamu da kowa ba sai babur da mata masu ɗauke da itace. Waɗannan kuwa rabinsu tsohuwar kwalta ce da ta fashe, rabi burji da jar ƙasa.

Wannan shi ya amsa tambayarka ta biyu. Kada ka sayi keken tsere mai siririyar taya, mai faɗin milimita 23 ko 25. Ramin farko zai fasa maka tib, gargada kuma ta gajiyar da kafaɗunka kafin ƙafafunka su san an fito. Nemi mai taya milimita 35 zuwa 40, ko ma keken hawa dutse, kuma na gwanjo mai lafiya ya wadatar. Abu biyu ne ba a rangwame a kansu: giya da birki. Tsohon Raleigh na iyayenmu, Allah ya jiƙan maza, ya kai buhunan hatsi kasuwa ba adadi, amma giyarsa ɗaya, shi ya sa kake ganin dattijo ya sauka yana tura shi a kan tudu. Mai hawan jini bai kamata ya tsaya kan feda yana nishi yana danne numfashi ba, wannan yunƙurin yana ɗaga jini. Ka sauya zuwa giya mai laushi tun kafin hawan ya kama ka, ka zauna a sirdi, ƙafa na juyawa da sauri ba nauyi. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kana iya amsa gaisuwar manomi da cikakkiyar magana, kana daidai, in magana ta gagara, sassauta. Ka kuma gaya wa likitanka cewa hanyar mai hawa ce, ya faɗa maka iyakarka.

Gangara ta fi hawa haɗari, ko da yake ita ce mai daɗin. Da damina ruwa yana tara yashi a ƙasan kwari, daidai bakin kwalbati, inda gudunka ya fi yawa. Rage gudu tun daga sama, ka kama birki biyu tare, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai. In ka tarar da garken shanu yana tsallakawa, tsaya ka gaisa da makiyayi har su wuce.

Lokacin fita kuwa bayan sallar Asuba ne, da zarar gari ya waye sosai, ka dawo kafin hantsi ya yi zafi, musamman a watan Maris da Afrilu. Da hunturu hazo yana hana direba hango ka, sai ka sa riga mai haske da fitila ja a baya. Ka bi hannun dama tare da motoci, ba kana fuskantarsu ba. Ranar kasuwar ƙauye hanya mai shiru takan rikiɗe, ka tambayi ranakun. Hular kwano dole ce ko yara za su yi maka dariya. A jaka ka sa ruwa, tib na ajiya, ƙaramin famfo da kayan faci, domin masu gyaran keke sun yi ƙaranci a ƙauyuka tun da babur ya yawaita.

Sai maganar da ba a so a yi, amma dole. Shirun hanya yana raba ka da mota, yana kuma raba ka da mai kawo ɗauki, kuma kowa ya san halin tsaro da ake ciki. Kada ka fita kai kaɗai, kada ka kai magariba a daji, ka shaida wa iyali inda ka nufa. Labarin hanya kuma wajen 'yan acaɓan da ke bin ta kullum ake samunsa, sun fi kowace taswirar waya sanin inda ke da lafiya a wannan makon. In suka ce kada ka bi, kada ka yi musu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako ya ishi baligi ya fara ganin amfani. Ka soma da rabin awa, sau uku a mako, a hanya ɗaya da ka sani, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Samo abokan fita biyu kafin ka je sayen keken, Malam, kuma kada ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka don ka fara hawa.